Hanyar Agadas: Abin da Idona Ya Gani a Hamada

Wannan shi ne jawabin da jami'inmu mai kula da ayyukan raya karkara ya yi a taron ikkilisiyoyin gunduma, inda dattawa da Zumuntar Mata da matasa suka hallara. Mun buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

 

Kun saba jin ina maganar taki da rijiya da adashi. Yau maganar hanya na kawo muku. Dalili kuwa, a watan jiya wata uwa ta tare ni a bakin majami'a bayan sujada, ta ce ɗanta yana so a sayar da gonar fadama a ba shi kuɗin mota zuwa Libiya. Ta ce, "Malam, an ce ka taɓa zuwa wajen. Yaya hanyar take?" Na ga amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, kuma ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. To, ga amsar, a gaban kowa.

Ni ban kai Libiya ba. Iyakata Dirku, a arewa maso gabashin Nijar. A watan Janairu na 2019 aka tura ni rakiyar magunguna da barguna tare da wasu abokan aiki uku. Abin da zan faɗa muku, wani na gani da idona, wani kuma abu ne da duniya duka ta sani, zan kuma bambanta muku su.

Daga Kano zuwa Agadas

Mun tashi daga Kano da asuba, muka bi ta Daura, muka ƙetare iyaka, muka wuce Matamaye da Kance, muka kwana a Damagaram. Wannan tafiyar kilomita wajen 240 ce, kuma ba za ka ji ka bar gida ba. Hausa ake yi, gero ake nomawa, rumbuna irin namu ne. Ku riƙe sunan Kance a ranku, zan dawo kansa.

Daga Damagaram zuwa Agadas kilomita wajen 450 ne. A nan ne ƙasa ke fara sauyawa. Kafin Tanut kana ganin gonaki. Bayan Tanut sai gonaki su ƙare, sai ciyawa da ƙaya da garken raƙuma. Idan ka wuce Adarbissinat, ciyawar ma sai ta yi ta raguwa. Na lura tun daga nan direbanmu ba ya wuce wurin ruwa bai tsaya ya cika jarka ba, ko da jarkar saura kaɗan ta cika.

Agadas tsohon birni ne na Abzinawa, amma Hausa ce harshen kasuwa. Daga nesa kana hango hasumiyar babban masallacinsu, ta laka, mai tsawon mita 27. Garin yana cike da baƙi daga ƙasashe da yawa. Akwai gidajen da ake ajiye matafiya a ɓoye har ranar tafiya, wani ya yi mako, wani ya yi watanni saboda guzurinsa ya ƙare tun bai ga hamada ba. A kasuwa abin da aka fi saye shi ne jarka, da rawani, da tabarau, da safar hannu.

Inda kwalta ta ƙare

A lokacin da muka je, ranar Litinin ce ranar fita, domin a ranar ne ayarin motoci ke tashi da rakiyar sojoji. Daga Agadas zuwa Dirku sama da kilomita 600 ne, kuma babu kwalta. Wannan hamadar ita ake kira Tenere. A harshen Abzinawa ma'anar sunan ita ce hamada kawai, wato wurin da babu komai.

Ina so ku fahimci abin da ake nufi da babu komai, domin mu nan ba mu san shi ba. A dajinmu idan ka ɓata, za ka ga kuka ko tsamiya, za ka ji kukan zakara, za ka ci karo da Bafulatani da shanunsa. Can kuwa yashi ne shimfiɗe gabas da yamma, kudu da arewa, har inda ido ya tsaya. Babu inuwa. Babu tsuntsu. Sawun motar da ta wuce da safe, iska ta shafe shi kafin la'asar. A Bilma, da ke gefen hamadar, ruwan saman da ake samu a shekara guda ba ya kai milimita 20, abin da mu kan samu a yayyafin dare ɗaya. Da bazara zafi yana wuce digiri 45. Mu da muka je da hunturu, da rana fata na ƙuna, da dare kuma sanyi ya hana mu barci duk da bargo biyu.

Motocin da ke ɗaukar matafiya ƙananan a-kori-kura ne ƙirar Hilux. Na ƙirga mutum 25 a bayan guda ɗaya. Ana jera jarkoki da jakunkuna a ƙasa, mutane su zauna a kai, na gefe su saki ƙafafu waje. Kowane na gefe yana da sanda da aka kafa tsakanin cinyoyinsa, ita zai riƙe dare da rana. Direba yana gudu ne sosai, domin idan ya rage gudu a yashi mota ta nutse. Wanda gyangyaɗi ya kwashe ya saki sandarsa, ya faɗi, ba kowane direba ne zai tsaya ba.

A rana ta biyu muka iso wurin da ake kira Itacen Tenere. Da can akwai wani itacen ƙaya guda ɗaya tak a nan, kusa da rijiya, shi kaɗai a tsakiyar yashi. Saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 kafin ta samu ruwa. Masu raƙuma sun yi zamani suna wucewa ta wurin, ba wanda ya taɓa karya reshensa ya hura wuta, domin shi ne alamar hanya. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, a wurin kuma an kafa wani na ƙarfe. Na tsaya ina kallon ƙarfen nan, na ce a raina, wurin da itace sai ya yi mita 30 kafin ya sha ruwa, ina ga ɗan Adam da jarka ɗaya?

Ranar da motarmu ta tsaya

Bayan mun bar wurin, da hantsi, sai tiyon ruwan injinmu ya fashe. Kafin direba ya ankara ruwan ya tsiyaye. Motocin da muke tare da su sun riga sun yi gaba, ƙura ta rufe tsakaninmu, ba su san mun tsaya ba.

Muna da ja-gaba, wani dattijo Ba'abzine da ya fara bin hanyar tun yana yaro a bayan raƙuman mahaifinsa. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai dubi injin ba. Jarkokin ruwa ya sauke, ya jera su, ya ƙirga. Sannan ya ƙirga mu. Ya ware wanda za a zuba wa mota, ya ware na sha, ya ce daga yanzu ba mai sha sai daga hannunsa. Ya sa muka ɗaura tampol a jikin mota muka shiga ƙarƙashi. Ɗaya daga cikinmu ya ce zai hau wani tudun yashi ya duba ko zai hango motoci. Dattijon ya ce, "Ɗana, zauna. Mota ake nema, ba a neman mutum. Wanda ya bar mota ya bar duniya."

Awa tara muka yi a wurin. Muna da wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan Adam, mun sanar da inda muke. Muna da ruwan kwana huɗu. Sunayenmu suna rubuce a hannun hukuma a Agadas. Duk da haka, iyayena, ban taɓa jin tsoro irin na wannan yini ba. Shiru ne ya fi damuna. Har bugun zuciyata nake ji. Wajen magariba wata babbar motar kaya da ke bayan ayari ta iso, makanikenta ya yanka wani tiyo ya ɗaure mana, muka ci gaba.

A daren nan na yi wani lissafi, ina so ku yi shi tare da ni. A irin wannan zafi, jikin babban mutum yana buƙatar ruwa lita 5 ko fiye a rana. Mutum 25 sau lita 5, lita 125 ke nan a rana ɗaya. Idan mota ta lalace ta yi kwana huɗu, lita 500. Motar da aka cika da mutane da man fetur ba ta da wurin ɗaukar wannan ruwa. Direba ya sani. Shi ya sa duk motar da ta fita, ta fita ne da fatan kada komai ya lalace. Mutum kuwa idan ruwa ya yanke masa a can, da wuya ya wuce kwana uku.

Waɗanda ba su iso ba

Na ce ku riƙe sunan Kance. A watan Oktoba na 2013, motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Aljeriya, ɗauke da mutane da yawancinsu 'yan yankin Kance ne, talakawa manoma masu jin Hausa kamar mu. Motocin suka lalace a hamada. Da aka kai gare su, gawa 92 aka tarar: yara 52, mata 33, maza 7. An same su a warwatse, ƙungiya-ƙungiya, wata uwa da 'ya'yanta a gefenta. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Duk wanda ya san labarin Hajaratu, yadda ruwan salkarta ya ƙare a jeji ta ajiye ɗanta a gindin wani ɗan itace ta koma nesa don kada ta ga mutuwarsa, ya san abin da matan nan suka gani.

A tsakiyar 2017 kuma, a kan wannan hanyar da na bi, tsakanin Agadas da Dirku, wata mota ta lalace, mutum 44 suka mutu da ƙishirwa, har da jarirai. Yawancinsu 'yan Gana ne da 'yan Nijeriya. Mutum shida ne suka tsira da ƙafa suka ba da labari. Waɗannan su ne aka gano. Waɗanda yashi ya rufe, ba mai lissafinsu. Ni da kaina na ga kaburbura a gefen wata rijiya, an jera duwatsu a kai, babu suna.

Akwai abin da ya ƙara wa hanyar haɗari. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, aka fara kama direbobi da motoci daga 2016. Tafiya ba ta tsaya ba. Direbobi suka daina bi ta rijiyoyi, domin a nan sojoji ke jira, suka koma bin wuraren da ba ruwa. Wani idan ya hango ƙurar motar sintiri, sai ya sauke mutane ya ce zai je ya dawo, shi ke nan. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, wato IOM, ta tsinto dubban mutane da aka yasar haka. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin soja ta soke dokar. Masu neman fasinja za su ce muku ai yanzu hanya ta buɗe. Doka ce aka soke. Nisan yana nan, ranar tana nan, lissafin ruwan da muka yi bai canja ba. Ku kuma sani Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka kada wani ya ɗauka maganar takardun shiga tana nan yadda ya san ta da.

Su wane ne ke ƙetarewa lafiya?

Wani zai ce, to, ai mutane sun daɗe suna bin hamadar nan. Gaskiya ne. Gishirin balma da muke ba dabbobi, daga Bilma yake zuwa, kilomita wajen 40 kudu da Dirku. Ɗaruruwan shekaru ke nan Abzinawa suna kai gero Fashi da Bilma a kan raƙuma, su karɓo kantun gishiri da dabino, su gangaro da su har ƙasar Hausa. Amma ku dubi yadda suke yi. Suna jiran kaka, zafi ya sauka. Suna ɗaukar ciyawar da raƙuma za su ci, tafiya da dawowa, domin babu kiwo a hanya. Suna da madugu wanda ya san taurari, ya san kwana nawa ne tsakanin rijiya da rijiya. Madugun ɗan'uwansu ne. Idan ayari ya halaka, shi ma ya halaka, kuma gida za a tambaye shi.

Ɗanmu da ya hau bayan Hilux ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bai san direba ba, direba bai san sunansa ba, kuɗi kuma an riga an karɓa tun a Agadas. Jarumtaka ba ta da aiki a wurin. Ƙaton saurayi da tsohuwa, ƙishirwa ɗaya take yi musu.

Dirku ɗin da na isa da ƙyar ma ba ta kai rabin hanyar Sabha ba, babban garin kudancin Libiya. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 ƙasar ba ta koma hannun gwamnati ɗaya ba. A Sabha akwai gidajen da ake kira gidan bashi, da Hausa ake kiransu haka. Wanda ya zo da bashin kuɗin mota, ko aka sayar da shi, a nan ake tsare shi, a buga wa iyayensa waya ana dukansa suna ji, har sai an turo kuɗi. A Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon mutane a Libiya a kan dala 400. Ta ɓangaren Aljeriya kuma, ana kwaso baƙi a zubar da su a bakin iyaka, su taka kilomita 15 a yashi zuwa Assamaka. Uwar da ta sayar da gona ɗaya don tafiya, sau da yawa ita ce ke sayar da ta biyu don fansa.

Abin da nake roƙo

Na san abin da ke korar yaranmu. Gona ta yi kaɗan, taki ya yi tsada, rashin tsaro ya hana wasu zuwa gonakinsu, kuma wani ɗan ƙauyen ya je ya dawo ya yi rufin kwano. Ban zo in ce talauci ƙarya ne ba. Ban kuma ce fita neman abinci laifi ne ba, kakanninmu sun yi cin rani. Roƙona guda biyar ne.

1. Iyaye, kada a sayar da gona ko shanun noma don kuɗin wannan hanya a ɓoye. A kawo maganar gaban dattawa da dangi. Mai neman fasinja kullum yana cewa a yi shiru, a yi sauri. Wannan kaɗai ya isa ya sa ku tsaya.

2. Matasa, duk wanda ya ce zai kai ka yanzu ka biya daga baya, bashi yake ɗaura maka a wuya, kuma ka ji inda ake biyan irin wannan bashin. 'Yan mata, wadda aka yi wa alkawarin aikin gida ko shago a waje, aka ce kada ta gaya wa kowa, ta gaya wa shugabar Zumuntar Mata a ranar. Akwai hukumar gwamnati mai suna NAPTIP da aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, ofishinmu zai taimaka a kai ƙara.

3. Kafin a kashe kuɗin, a zauna da takarda a rubuta abin da zai iya yi a gida: injin ban ruwa da irin albasa na rani ɗaya, ko keken ɗinki, ko kuɗin koyon walda. Ƙungiyoyin adashinmu su ba matasa wuri, kada su zama na iyaye mata kaɗai.

4. Gidan da ɗansu ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa, kada kunya ta sa su yi shiru. Ƙungiyar Red Cross tana da aikin neman waɗanda suka ɓata da haɗa su da danginsu, kuma kyauta ne. Ku zo da cikakken sunansa, da hotonsa, da ranar da kuka yi magana ta ƙarshe, da garin da ya ce yana ciki.

5. Wanda ya dawo hannu wofi, a karɓe shi. Na haɗu da samari a Agadas da suka gwammace su zauna suna dako a tasha da su koma gida a yi musu dariya. Wasu kunyar nan ce ke mayar da su hamada karo na biyu. Wanda ya dawo da ransa, a ba shi ruwa ya sha, a ba shi fartanya, a kuma ba shi dama ya tsaya a gaban matasa ya faɗi abin da ya gani. Maganarsa za ta fi tawa shiga, domin gani ya kori ji.

Da muka rabu da dattijon nan ja-gabanmu a Agadas, na tambaye shi ko 'ya'yansa suna bin hanyar. Ya ce babban yana bi, amma sai da ya yi shekara bakwai yana tafiya a bayansa kafin ya bar shi ya fita shi kaɗai. Mutumin da aka haifa a bakin hamada ke nan. Mu kuma muna sallamar namu da jaka ɗaya da lambar wayar wanda ba mu taɓa gani ba.

Uwar da ta yi mini tambaya tana cikin taron nan. Mama, wannan ita ce hanyar. Gonar taki ce, ɗan naki ne, shawara kuma ta gidanku ce. Abin da nake roƙo shi ne ku zo ofis ku biyu ranar kasuwa, mu zauna mu yi lissafin tare kafin a kira mai saye.

 Allah ya kiyaye waɗanda ke kan hanya a wannan dare, ya ta'azantar da gidajen da ke jira, ya kai kowa gida lafiya. Amin.